Tafin Jatau

A garinmu akwai Sallau mai naɗar waƙoƙi, da ƙanensa Jatau, magidanci har da gemu, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Arzikin gidan wata tsohuwar na'urar tace sauti ce. Sallau ya sha wuya kafin ya daidaita maɓallanta da muryar Iya Kande, tsohuwar zabiya, wadda ta rantse ba za ta naɗi waƙarta ta sallama ko'ina ba sai nan.

Wata rana Sallau ya ce kada Jatau ya bar kowa ya shiga ɗakin naɗa. Da ya dawo, shi ma aka tare shi a ƙofa.

"Yaya, kai ma ai kowa ne."

Wata rana ya ce yana son shiru. Jatau ya ɗaure bakin akuyar maƙwabta da rawani, sai da mai unguwa ya shiga maganar.

Wata rana kuma Sallau ya ce masa ya tafa sau ɗaya gaban makirufo ya naɗa ta cikin na'urar, a ji ko tana aiki. Ya manta bai ce ya daina ba. Kullum safiya Jatau sai ya shiga ya tafa ya naɗa, har kwamfuta ta cika da tafi. Sallau ya yi faɗa har ya gaji.

Ana gobe Iya Kande za ta zo, ya ce a tsabtace na'urar tas. Jatau ya kai ta bakin rijiya, ya sa soso da sabulu. Sallau ya zauna dirshan a ƙasa don baƙin ciki.

Mai gyaran da aka kira ya ce ta mutu murus. Ya ce da an taɓa naɗar ƙara guda gajeriya ta cikinta, da kwamfuta ta kwaikwayi saitin nan daga ƙarar, amma wa ke ɓata lokaci yana naɗar irin wannan?

Sallau ya juya a hankali ya dubi ƙanensa.

Da tafin Jatau kwamfuta ta kwaikwayi saitin. Washegari Iya Kande ta rera, ta saurari muryarta, ta share hawaye ta ce ita ce. Sallau ya ce yau kam Jatau ya tafa wa kansa. Ya tafa sau ɗaya, don ba a ce biyu ba.