Yadda Na Zama Ƙwararren Malamin Lissafi a Yini Guda

Jama'a, yau da safe na sha kunya a gaban allo. Wata ɗaliba da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa idan lamba ta tsallaka ɗaya ɓangaren sai alamarta ta canza?" Na dubi allo, allo ya dube ni. Na ce, "Haka aka same ta tun zamanin da." Yarinyar nan ta sunkuya ta rubuta amsar a littafinta. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai.

Ni fa malamin tarihi ne. Tun da malamin lissafinmu ya samu aiki a kamfanin waya ya yi gaba, shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ai kai ne mai riƙe shekarun yaƙe-yaƙe a ka. Duk lamba ce." Shi ke nan, aka miƙo mini aji.

Saboda haka da aka ce Masu Girma na can sama sun shirya wa irinmu kwas, har takalmi na goge. Makon jiya muka hallara a zauren taro: ga malamin motsa jiki, ga malamar koyar da girki, ga wani bawan Allah mai koyar da zane, kowa an rataya masa lissafi a wuya. Mun zo da tambayoyi cike da ciki.

An ce ƙarfe takwas. Yallaɓai Babban Baƙo ya iso rana ta take, da jiniya da masu riƙe masa jaka. Ya bayyana cewa lissafi ne ƙashin bayan ci gaba, kuma kashi ɗari da ashirin cikin ɗari na malamai za su amfana. Muka tafa. Wa ya isa ya gyara wa Yallaɓai lissafi a taron lissafi? Mai Girma Mataimaki ya maimaita jawabin, Mai Girma Wakilin Mataimaki ya yi godiya a kan maimaitawar. Aka jera mu aka ɗauki hoto, manya suka wuce ɗakin sanyi cin abinci, mu aka bi mu da biskit.

Sai bayan nan ƙwararren da zai koyar da mu ya taso da kwamfutarsa. Yana jona ta, sai wuta ta ɗauke. Janareto kuwa ashe don lasifikar Yallaɓai aka ɗauko shi, tuni an loda shi a mota. Sai ya koma karanto mana darasi daga wayarsa: malami ya zama mai fara'a, malami ya so ɗalibansa.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, fara'a muna da ita. Lissafin ne babu."

Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Malam, rufa mini asiri. Daga sashen kiwon kaji aka aro ni. Jiya aka turo mini wannan."

Na rufa masa. Kafin yamma aka raba mana takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, wai mun ƙware.

Da na dawo gida, maƙwabcina tela ya leƙo daga shagonsa. "Malam, an dawo? To yanzu ka iya?"

Na ce, "Na iya fara'a."

Bai yi dariya ba. Ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "'Yata tana ajinka fa, kuma jarrabawar fita ta matso. So take ta karanta aikin jinya. Fara'ar za ta rubuta musu?" Na shige gida.

Yau bayan an tashi na je na roƙi shugaba ya sake tuna wa manya buƙatarmu ta malamin lissafi na gaske. Ya ce, "Haba Malam, ai an janye wannan. Sun ce yanzu muna da ƙwararre." Ya nuna ni da biro, ya ƙara mini aji biyu.

Allah ya saka wa Masu Girma. Na ji wata mai zuwa akwai kwas na haɗa sinadarai, kuma shugaba ya fara yi mini murmushi a baranda. In kun hango hayaƙi ta wajen makarantarmu, kada ku tayar da 'yan kwana-kwana. Ilimi ne ke bunƙasa.