Mai Shaida Daga Ƙasan Teku

Wanda ya fara zura guga har ƙasan teku shi ne Malam Jatau Kunkuru, a shekara ta tara ta sarautar Zaki Gagarau na Farko. Shekara arba'in ya yi yana wannan aiki. Ya gano cewa can inda rana ba ta taɓa leƙawa ba akwai baƙaƙen duwatsu kamar curin fura, waɗanda sai sun shekara dubu sau dubu kafin su ƙara kaurin farce. A kansu wata halitta mai hannu takwas take kwanci, shekara huɗu ba ta cin komai har ƙwanta ya ƙyanƙyashe. Malam ya raɗa mata suna Uwar Takwas.

A zamanin Gagarau na Biyu, bayan an rarake tsaunukan daji kaf, jakuna sun rame da jigilar ƙarfe, Malam ya kai dutse guda fada domin a yaba wa iliminsa.

Madaki Kura ya lasa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, talauci ya ƙare. Kowane jaki zai samu takalmi huɗu. Ga arziki a yashe, ba mai shi."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, da mai shi. Idan aka kwashe duwatsun, Uwar Takwas ba ta da wurin kwanci, zuriyarta ta ƙare."

Alƙali Dila ya gyara zama. Ya ce, "Tun kakanni, ƙasar da ake shakkar mai ita, shela uku ake yi mata. In ba a amsa ba, ta Sarki ce."

Zakara ya tsaya a bakin teku ya yi shela uku. Ba a amsa ba.

Malam ya ce, "Tsakaninku da ita tafiyar yini ce a cikin ruwa. Ta ina za ta ji?"

Madaki ya yi murmushi. "To Malam, ɗauko ta ta faɗa da bakinta. Ko dai shekara arba'in ɗin nan tatsuniya kake yi mana?"

Malam ya fi kowa sanin cewa abin da ya saba da sanyi da nauyin wancan ruwa ba ya isowa sama da rai. Amma kalmar tatsuniya ta tsaya masa a wuya. Ya zura guga.

Aka ajiye ta gaban majalisa, hannuwanta takwas a sake. Alƙali ya sunkuya cikin girmamawa ya ce, "Baiwar Allah, kina da ja a kan wannan haƙa?" Sau uku ya tambaya, kamar yadda doka ta tanada. Sannan ya ce, "A rubuta: mai ƙasa ta halarta, ba ta musa ba."

Ga abin da aka samu. Dutse kwando dubu tara, wanda jakuna suka ɗauka ba takalmi. Sababbin sarautu uku, duka a gidan Kura. Ruwan teku ya zama kunu, har kifin gaɓa ya ƙaura. Malam Jatau ya samu rawani, an naɗa shi Sarkin Binciken Ƙasan Teku, ko da yake gugansa laka kaɗai yake fitowa da ita yanzu.

Abin da aka adana kuwa guda ne. Uwar Takwas tana nan a zauren fada, an busar da ita a cikin ƙwarya, ana nuna wa baƙi domin su shaida cewa a wannan masarauta ba a taɓa ƙwace ƙasar kowa ba sai an tambaye shi.