Sannu-Sannu Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalmin da har yau bai gama bushewa ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sa hannu ya tura ta, rasuwar motata, shuɗiyar nan mai ƙofa huɗu da aka fi sani da Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin bakanike, bayan jinyar damina uku. Shekararta ashirin da biyu a hannuna. Shekarunta na baya kuwa, wanda ya sayar mini ya rantse biyar ne, Allah dai ya bar wa kansa sani.

Marigayiya uwar yarana ce ta raɗa mata sunan, ranar da wani mai keke ya wuce mu a kan hawa har yana waiwayenmu. Ta ce in bar shi, sannu ba ta hana zuwa. Haka kuwa aka yi, motar nan ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Ta ɗauki bututu da buhunan siminti ba ta yi ƙorafi ba, don gyaran famfo ne sana'ata har ƙarfi ya ƙare. Ta kai yara uku makaranta, ta kuma kai su tasha ɗaya bayan ɗaya da akwatunansu. Ita ta kai uwarsu asibiti, ita ta dawo da ni gida ni kaɗai. Waɗanda suka san ta za su tuna gaisuwarta ta safe: kir-kir-kir, tari biyu, sannan burum.

Ciwon ajalinta ya soma ne a daminar farko bayan rasuwar uwar yara. Wata safiya na tarar da kafet jiƙe sharkaf a gaban kujerar gefen direba, daidai inda take ajiye ƙafafunta. Sai wari ya biyo baya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Gilashi ya riƙa gumi daga ciki. In na sha kwana sai in ji calal-calal a ƙarƙashina, in hadari ya sauko kuma ɗis, ɗis, daga wani lungu da ido ba ya kaiwa.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ni ne mai ɗakin, yoyo kuma da shi na ci abinci shekara talatin, amma wannan ya gagare ni. Ba don ban san hanya ba. Ruwa ba ya ɓulla inda ya shiga, sai ya bi ƙarfe ya yi tafiyarsa a ɓoye, saboda haka neman yoyon mota aikin mutum biyu ne: ɗaya a waje da tiyo, yana zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama a hankali, ɗaya a ciki da tocila yana jiran ɗigon farko. Mun taɓa yin haka da uwar yara shekarun baya, lokacin da robar ƙofar baya ta tsage. Ina zubawa tana leƙe, da ta ga ruwa sai ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta, ƙwas-ƙwas. Minti goma ba mu yi ba muka kama ɓarawon.

Wannan karon babu mai ƙwanƙwasawa. In zuba ruwa, in yar da tiyo, in ruga in buɗe ƙofa da gwiwoyina na tsufa, in tarar kafet ya riga ya sha, ban ga ta inda aka bi ba. Na ɗaure tiyo a reshen bishiyar ƙofar gida na shiga na zauna, ruwa ya wanke motar ko'ina a lokaci guda, na fito ban ƙaru da komai ba. Na canja robobin ƙofa duka huɗu, ba su da laifi. Na bi gefen gilashin gaba da gam har ta yi kama da mai gyambo. Daga ƙarshe na shimfiɗa tsohon tawul, ina matsewa kowace safiya.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa. Maƙwabcina tela ya leƙo sau biyu ya ce ko ya shiga ya duba mini, na ce ya bar shi, na kusa ganowa. 'Yata ta ce a waya in kai wa bakanike, na ce gobe. Babban ɗana ya ce in rabu da ita ya aiko da wata, na yi ta sauya zance har ya gaji. Akwai girman kai a ciki, wai mai famfo ya kai yoyo wurin wani. Amma babban dalilin shi ne, duk wanda zai duba sai ya zauna a kujerar uwar yara, ni kuma ban so kowa ya zauna ba. In ana ruwa nakan fita in shiga motar in rufe ƙofa, ina sauraron ɗis, ɗis. Gidan ya yi mini shiru da yawa, nan ko ba komai akwai mai motsi.

A daminar bana ruwan ya kai ga wayoyi. Hon ta dishe. Waifa mai share gilashi ta riƙa tashi da kanta da rana tsaka, tana kaɗawa kamar mai ban kwana. Ranar Litinin na murɗa makulli, ta ce kir sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Da aka ja ta zuwa gareji, bakanike bai ko buɗe ƙofa ba. Bonet ya ɗaga, ya cire murfin robar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, ya cusa hannu yana damƙo ruɓaɓɓen ganye baƙi wuluk. Ya zura 'yar waya a magudanar da ke wurin, ruwan da ya taru ya zubo ƙasa sharr. Ashe ita ce ta toshe, ruwa ya rasa hanya ya juya ciki. Gyaran bai kai minti biyar ba. Sai dai da ya ɗaga kafet, ƙasar gareji muka hango ta cikin motar, tsatsa ta cinye ƙarfen. Mai walda ya zo ya taɓa, ya ce babu ƙarfe mai rai da wuta za ta kama.

Bakanike ya ji cewa shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiya nake ajiye ta, ya goge hannu ya dube ni. "Baba, to a da wa yake kwashe maka ganyen nan?"

Sai a lokacin na tuna. Kowace safiya, ina ciki ina ɗumama inji, uwar yara takan tsaya a gaban motar tana tsince ganye daga gindin waifa da yatsunta. Ni kuwa in danna mata hon, in ce ta cika ƙaƙale, iska za ta kwashe. Shekara goma sha tara tana yi, ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba.

Marigayiya Sannu-Sannu ta bar tayar safaya guda, da jak, da tawul, da tabon baƙin mai a ƙofar gida, da makulli biyu, ɗaya yana nan a jakar uwar yara inda ta bar shi. Ta kuma bar ni. Ba na roƙon a yi mata addu'a, ƙarfe ce. Mai addu'a a bakinsa ya yi wa mai tsince ganye.

Na sa an dawo da ita gida ta ƙarasa kwanakinta a ƙarƙashin bishiyarta. Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Motar mai sayen tsofaffin ƙarafa ba ta iya shiga lungunmu, za ta jira a bakin titi, don haka sai an tura ta zuwa can. Wannan ma aikin mutum biyu ne. Ni zan tura, ana neman wanda zai riƙe sitiyari. Tela, in ka karanta wannan a jikin ƙofata, wannan karon ba zan ce ka bar shi ba. Kujerar gefe ma na shanya ta jiya, ta bushe. Duk wanda ya zo, ya shiga ya zauna.