Yadda Za Ka Riƙe Motar Borga a Nima Ba Tare da Ka Canja Fulogi Ba

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka mallaki motar tsere ta alfarma, a riƙa nuna ka da baki daga Maamobi har Kanda, kuma fita, wato makanike, ba zai ci sisinka ba. Ban taɓa mallakar mota ba, amma na daɗe a kan bencin masu shan shayin ataya na bakin titin Nima, kuma a gaban idona maƙwabcina Gafaru ya bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshenta. Da labarinsa zan koyar da kai.

Mataki na 1: Zaɓi motar da ta fi ƙarfin unguwa

Gafaru ya shekara da shekaru yana ɗaukar kwalaye a wani sito a Jamus. Da ya tashi dawowa gida a matsayin borga, kamar yadda ake kiran wanda ya dawo daga Turai, bai sayi fili ba, bai sayi trotro ta haya ba. Abin da ya tara kaf ya zuba a kan jar mota ta hannu, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai lashi kwalta.

Kai ma haka za ka yi. Ka tabbata motar ba ta shiga lungun gidanku, don ta riƙa kwana a bakin titi inda kowa zai gan ta. Kujera biyu kuwa rahama ce: duk dangin da ya ce ka kai shi asibiti, sai ka nuna masa ba wuri.

Masu hikima sun ce wanda ya sayi mota don tafiya, direba ne. Wanda ya saya don kallo, shi ne babban mutum.

Mataki na 2: Idan fitila ta kama, ka rufe ta

Ba a jima ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyarin Gafaru. Turawa sun sa ta ne don ta tsegunta maka cewa inji yana neman sabis. Kada ka biye wa tsegumi. Gafaru ya sayi 'yar takarda mai gam da aka rubuta Masha Allah a jiki, ya manna a kai. Fitila ta ɓace, albarka ta ƙaru.

Mataki na 3: Ka je wurin fita, amma gaisuwa kawai

Da motar ta soma tari da safe, Gafaru ya kai ta wurin Masta Ishawu, fitan da ke bakin babbar kwata a Maamobi. Masta Ishawu ya kasa kunne, ya leƙa, ya kwanta ƙasa ya sake leƙawa, sannan ya tashi yana goge hannu.

"Borga, fulogi ne. Sun gaji paa."

"To canja mana, Masta. Zan jira."

Masta Ishawu ya yi dariya. "Jira? Massa, injin nan a baya yake, a ɓoye kamar amarya. Sai na cire tayoyin baya kafin hannuna ya kai. Kuma ba fulogin tasi yake ci ba, sai an aiko daga waje. Baƙin mai nasa daban, matacin mai nasa daban. In ka taɓa ɗaya, sauran duka za su ce su ma a taɓa su."

Sannan ya faɗi kuɗin. Ba zan maimaita ba, don akwai masu hawan jini a cikin masu karatu. Abin da zan ce kawai, da kuɗin za a yi layya a gida uku har a raba wa maƙwabta.

A nan darasin yake. Kada ka yi salati, kada ka dafa bango. Gafaru ya gyara tabarau ya ce, "Ba tsada kraa. Bari in kira mutanena a Jamus su aiko na asali." Daga ranar ya daina bin layin Masta Ishawu, ko da kuwa janaza ce ta bi ta nan.

Mataki na 4: Ka zama tafintan inji

Yanzu motar za ta riƙa karkarwa, salansa yana harbi kamar an yi biki. Mutane za su tambaya. Ka shirya amsa.

In ta yi tari, ka ce haka motocin tsere suke gyaran murya. In ta mutu a kan hanya, ka ce na'ura ce take kashe kanta don tattalin mai. In ta yi baƙin hayaƙi, ka ɗora laifin a kan man ƙasar nan, za ka sami masu taya ka har su manta da motar.

Mataki na 5: Rage tafiya, ƙara wanki

Fulogi ba ya ƙarewa a motar da ke tsaye. Gafaru ya gane wannan da wuri. Kullum bayan asuba zai fito da bokiti da tsumma ya wanke ta, ya goge, ya jingina da ita yana amsa gaisuwa. In yana da uzuri a cikin gari, sai ya taka har Kokomlemle inda ba a san shi sosai ba, ya ja hula ya shiga trotro. Makullin motar kuwa yana rataye a yatsa, don mai karɓar kuɗi ya san ba talauci ne ya kawo shi ba.

Mataki na 6: Kada ka yi alkawari. In ka yi, ka yi babba

Gafaru yana da yaya, Sista Abibata, mai sayar da wake da shinkafa a Maamobi. Ita ta riƙe gidan tun rasuwar iyayensu, ita ta raini autarsu Ruhaina. Da aka sa ranar auren Ruhaina da wani malamin makaranta ɗan Kanda, ta sami Gafaru yana goge taya.

"Gafaru, kowa ya kawo nasa. Kai me za ka yi wa yarinyar nan?"

Aljihunsa babu komai, kuma mu 'yan benci muna saurare. Ya buga bayan motar ya ce, "Sista, a wannan zan kai ta gidan miji. Ba amaryar da aka taɓa yi wa haka a Zango."

Sista Abibata ta dubi motar, ta dube shi. "Motar nan da ke tari kamar tsoho?"

"Lafiyarta lau."

"To. Dangin ango za su tsaya a ƙofa suna jira. In ka kunyata marainiyar nan, ni da kai ne."

A satin nan Gafaru ya rame. Ya sayi fulogin babur ya ɓuya da shi bayan motar, ya shafe wuni bai ma ga inda ake sa shi ba. Ya sa an yi wa motar addu'a. Ya tsaya a kan kwanar layin Masta Ishawu, ya tuna kuɗin, ya juyo.

Mataki na 7: Ranar da asiri zai tonu, ka sa farin kaya

Ranar Lahadi bayan la'asar aka fito da Ruhaina, lulluɓe, hannu da ƙafa sun sha lalle. Ta shiga kusa da yayanta. Motar ta tashi a bugu na uku, mata suka yi guɗa. Motocin dangi suka biyo baya, makaɗa a bayan wata a-kori-kura.

Sun kai tsakiyar Nima, daidai inda masu kaya suka cinye rabin titi, motar ta yi tari biyu, ta yi harbi ɗaya, ta yi shiru.

Gafaru ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Trotro suka soma hon, wani direba ya leƙo ya ce, "Chale, ɗauke kwandonka daga hanya!" A madubi yana hango Sista Abibata ta fito daga tasi, ta ɗaure gyale a ƙugu.

Ya juya wurin amarya. "Kin ga, a Jamus haka ake yi. Ana tsayawa ne don jama'a su ga amarya."

Ruhaina ta ɗaga mayafi. "Bra Gafaru, bari. Na san motar ba lafiya. Duk Maamobi sun sani."

"To me ya sa kika shiga?"

"Kai ka ce za ka kai ni. Baba ba ya nan, sai kai."

Gafaru ya kifa kai a kan sitiyari. Ni da nake tsaye a gefen titi na ga kafaɗarsa tana motsi. Can ya ɗago, ya share fuska, ya ce, "Kin iya riƙe sitiyari?"

"In ka nuna mini."

Ya fita, ta koma kujerarsa. Ya naɗe hannun farar shaddarsa, ya dafa bayan motar ya soma turi.

Da farko dariya aka yi. Sai makaɗa, da yake su ba sa barin dama ta wuce, suka diro suka kewaye shi da kiɗa. Mu 'yan benci kunya ta kama mu, muka sa hannu. Wata tsohuwa mai sayar da albasa ta ce, "Ku dubi ɗan halak, da ƙarfinsa yake kai ƙanwarsa ɗaki!" Magana ta bazu. Kafin mu shiga Kanda, ayarin ya ninka, wayoyi duk a sama, amarya tana murza sitiyari da hannun lalle tana dariya tana kuka.

A ƙofar gida kawun ango ya rungume Gafaru, gumi da baƙin salansa da komai. Ya ce shekarunsa saba'in bai taɓa ganin karamci irin wannan ba, ga mota lafiyayya amma mutum ya ƙi kunna ta saboda girmama amarya.

Sista Abibata ta matso. Hannu kawai ta miƙa. Gafaru ya sa mata makulli a ciki.

Mataki na 8: Ka bar masu hankali su karɓi ragama

Hotunan suka zaga wayoyin Zango. Kafin wata ya ƙare, iyayen amare suka fara sallama a rumfar Sista Abibata, kowa yana so a tura 'yarsa gidan miji a jar mota. Ta yanka farashi, ta ɗinka wa Gafaru fararen kaya kala biyu. Yanzu kusan kowace Lahadi yana kan titi, ya yi ƙwanji, tumbin da ya kawo daga Turai ya tafi.

Kwanan baya ya same ta tana zuba wa mai saye yajin shito, ya ce, "Sista, abin da aka tara ya isa sabis. Bari in kai wa Masta Ishawu ya canja fulogin."

Ta ajiye cokali. "Ka gyara ta ta tashi, wa zai ɗauke ka haya? Motar da ke tafiya ai ta cika gari. Je ka wanke kayanka, akwai amarya jibi."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba fita ba ne, ba ɗan fita ba ne. Duk wanda ya bi shawarar nan injinsa ya buga, ko bayansa ya riƙe, ko surukai suka gano gaskiya, to shi da ƙaddararsa. Kada a zo nemana a benci. In kuma aka zo aka tarar da mai kama da ni, ƙanena ne, kuma kurma ne.