Rasuwar Jadawalin da Ke Rufe Bakin Ƙararrawa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da idanu masu nauyin barci, Injiniya mai kula da na'urorin ofis yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Jadawalin Shiru. Ya rasu cikin hutun ƙarshen mako yana da wata goma sha huɗu a duniya.

Marigayin ɗan teburin lissafi ne a rumbun bayanan kwamfuta, mai gurbi uku kacal: rana, lokacin buɗewa, lokacin tashi. Injiniya ne ya tsara shi da hannunsa, bayan shekara shida wayar aiki tana yi masa ƙirrr a tsakiyar cin abinci saboda wata na'ura ta yi atishawa. Tun zuwan marigayin, biyar na yamma na bugawa yake toshe bakin kowace ƙararrawar gargaɗi sai takwas na safiyar ranar aiki. Ba shi da surutu, ba shi da ƙorafi. A zamaninsa ne Injiniya ya yi ƙiba, 'yarsa ta koyi tuƙa keke yana riƙe da sirdin, matarsa kuma ta daina kiran wayar da sunan maigidan.

Ciwon ajali ya sami marigayin ranar Juma'a, biyar da minti bakwai. Ma'ajiyar da shi kansa yake zaune a ciki ta fara cika, ta yi ihun neman agaji. Sai dai Injiniya bai yi masa gurbi na huɗu ba, wanda zai bambanta atishawa da shaƙewa. Jadawalin, bawan Allah, ya duba agogo, ya ga an tashi, ya rufe mata baki kamar yadda aka koya masa. Sau ɗari uku da sha biyu ta kira, sau ɗari uku da sha biyu ya hana. Ranar Litinin aka tarar da su duka a sandare.

Ya bar Injiniya, wanda ya gaji iya gajiya, da matar Injiniya, da Manaja, wanda ya rantse ba za a sake haifar irinsa a ofishin ba.

Za a goge gawar ranar Alhamis da ƙarfe goma a ɗakin taro, bayan Injiniya ya karanta rahoton laifinsa a tsaye. Masu ta'aziyya kada su damu da duba agogo. Ko Asabar, ko Lahadi, ko Injiniya yana wanka, a kira shi kawai. Dole ya ɗauka.