Injiniya Obiyos

"Ni da Baturen da ya ƙera jirgin sama, biza ce kawai ta raba mu," in ji Moro na unguwar Parkchester a Amurka, ɗan unguwar Nima can gida, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya alhali ko fanka bai taɓa gyarawa ba.

Aikinsa tsintar ƙwallo ne a wani filin golf. Rannan ya narka robar wanke-wanken matarsa Nimatu, ya cuɗa da garin ƙarfe, ya ɗura a kan sandar golf don ta yi nauyi. Sai ya nemi gwamnati ta ba shi takardar mallakar fasaha, kada wani ya kwaikwaya. Ranar da ya aika takardun ya ajiye aiki, har ya ce wa manaja wataran zai zo layin sayen sanda a wurinsa. Shekara da rabi gogan naka yana kan kujera, Nimatu na jinyar tsofaffi tana ciyar da Injiniya.

Da amsa ta zo, kalma ɗaya ya gane a ciki, obvious. Ya zaga masallaci da shagon aski yana shelar cewa Amurka da kanta ta ce basirarsa a fili take.

Lauyarsa Balki ce ta zaunar da shi. Ta ce an ƙi ne. A wannan ofishin, obiyos na nufin duk mai sana'ar zai iya tunanin abin, don haka babu takarda. Dama ɗaya ta rage, za su yi waya da jami'in da ya duba takardun, ta nuna masa abin ya sha wuya kafin ya samu.

"Kai dai ka kama bakinka," ta ce.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa. To, shi Moro bai ma jira ba. Ranar wayar, Balki na cikin bayanin wahalar da aka sha, ya ji kamar ana rage masa girma, ya fizge wayar.

"Wace wahala, chale, abokina? Minti biyar na yi! A Nima kowane mai walda ya san roba da garin ƙarfe nauyi suke yi. Matata ma ta sani. Obiyos ne, yallaɓai, obiyos!"

Jami'in ya yi masa godiya sosai, ya roƙe shi ya maimaita a hankali don ya rubuta. Moro ya maimaita, har da ƙari. Balki ta rufe fayil, ni kuwa ita na fi tausaya wa.

A gida ya tarar Nimatu ta goge masa tsohuwar rigar tsintar ƙwallo, ta rataye a ƙofa. Ya tambaya yaya aka yi ta san sakamakon tun bai faɗa ba.

"Haba Injiniya," ta ce, "ai obiyos ne."