Ranar da Na Ɓatar da Bijimin Kawu

Sati biyu da sayen kyamarata, Kawu Bello ya kira ni kasuwar shanu ta Talata Mafara in ɗauki hoton farin bijiminsa, zai tura wa mai saye. Rana tsaka ce, amma na murɗa ISO, lambar da ke ƙara wa hoto haske, har ƙarshe. A ganina, babban sa sai babbar lamba. Ko dubawa ban yi ba, ni gwani.

A inuwa Kawu ya leƙa hoton. Fari fat, sai ƙaho biyu.

"Ɗana, ina bijimin ya shiga?"

Na rage lambar, na sake ɗauka, sa ya sayu. Yanzu har bukukuwa ake kira na, amma in na ratsa kasuwar da kyamara, sai dillalai su ce, "Kowa ya riƙe sansa, ga shi nan tafe."